Ɗinkin da Ba a Ƙulle Ba

Ni ce Mahganj, mai surfani a garin Khash.
Kafin uwata ta koya mini fure ko madubi
abu ɗaya ta fara dasa mini a ka:
in kin kai ƙarshen layi, ƙulle zare,
in ba haka ba, aikin wata guda
wanki ɗaya zai warware shi.

Shahdad ya zo da asuba,
dutsen Taftan na can yana hayaƙinsa.
Ungozoma Durbibi ta yanke cibi, ta ɗaure,
ta sha shayi kofi biyu, ta tafi.
Kwana shida lafiya lau.
Ranar da cibiya ta faɗi
na ga ɗigo a tsumma, kamar ƙwayar rumman.
Na goge. Ya tsaya. Na yi barci.
Da gari ya waye ƙwayar ta kai tafin hannu.

Ba ya ambaliya, shi ya sa yake ruɗi.
Tsattsafa yake kamar randa mai tsaga.
Ya daskare, ki ce an gama,
ki juya ki hura wuta,
ki dawo ki tarar ya sake shawara.

Surukata ta daɗe tana kallon tsumman.
Sai ta ce, ba da ni take ba, da bango:
haka na Granaz ya yi,
haka ƙanen mijinki, wanda ba a kai ga sunansa ba.

Dadkarim ya aro a-kori-kura.
Hanyar Zahedan doguwa ce,
na danne cikin yaro da babban yatsa
har yatsan ya daina zama nawa.

Gwajin farko ya ce jininsa ƙalau.
Na nuna musu zanina, na ce to wannan fa?
Sai wata likita mai furfura a goshi
ta tambaya: ke da mijinki, akwai zumunci?
Na ce ɗan baffana ne.
Ta ce ba laifin kowa,
kowannenku rabi ya ɗauko bai sani ba,
a jikin yaron suka haɗu.

Ta kama hannun rigata, ta juya shi bai-bai,
ta bi ƙulle-ƙullen da farce.
Ta ce jininsa na da zare, yana da allura,
yana ɗinki yadda ya kamata.
Ƙullin ƙarshe ne babu.
Lamba suke kiransa da ita, sha uku.
Ban taɓa jin likita ta yi yarena haka ba.

Yanzu shekararsa huɗu.
Duk wata muna hawa waccan hanya,
a nemi jijiya a bayan hannunsa,
a ɗura masa ƙullin da muka kasa ba shi.
Shi yake miƙa hannun da kansa,
ya ce wa nas: wannan, ta jiya ta gaji.

Na cusa auduga a cikin hularsa,
na naɗe kusurwar akwati da tsohon bargo.
Amma ya zan naɗe katanga?
Ya zan naɗe 'yan awaki da yake bi?
Shekaranjiya ya zame a bakin ƙofa,
kansa ya taɓa ƙasa, kaɗan.
Bai yi kuka ba. Ni ce na kwana zaune,
ina haska idonsa da fitilar waya,
ina tashinsa in tambaye shi sunan kakarsa
har ya ji haushi.
Da safe ya nemi gurasa da madara.

Matar da ta sayi rigar sallah ta dawo da ita jiya,
wai bayan aikin ya yi gudaji,
kowane layi ƙulli uku, na mene ne?
Na karɓa, na duba.
Na ce zan rage mata kuɗi,
amma ba zan kwance ko ɗaya ba.